Daidai da Tsohuwar Saba

Sunan da kowa ya san ta da shi Daidai. Yayanta ne ya laƙaba mata tun tana 'yar firamare, saboda duk abin da aka yi a gidan sai ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Wannan ba daidai ba ne." A shimfiɗa zanin gado ya karkace, ba daidai ba ne. A rataye kalanda a gicciye, ba daidai ba ne. Har kujera ta taɓa hawa ta sauke agogon bango don yana gaba da na rediyo. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta jami'a, ya bi ta gidan miji, har 'ya'yanta biyu in suna jin tsokana sai su ce "Mama Daidai" su ruga a guje.

Ilimin kwamfuta ta karanta, kuma sun dace da juna, don kwamfuta ce abu na farko da ta tarar a duniya mai irin halinta: ka manta ɗigo ɗaya, ba za ta yi maka kara ba. Ta yi shekaru tana rubuta manhaja a wani kamfanin inshora inda ake kiran taro don a tsara yadda za a yi taro. Da ta gaji ta bar su, ta koma wani ɗan kamfani mai mutum biyar a saman bene, ƙasansu mai faci ne da mai ɗinkin labule. Ɗaki biyu ne da baranda. Fanka ɗaya ce ke ba da iska, ɗayar sai ƙara.

Haja ɗaya kamfanin ke da ita, wasan gona na waya. Ana ba mutum fili, ya yi shuka, ya yi ban ruwa, ya kiwata awaki da kaji, ya kai amfani kasuwa. Gonarka na maƙwabtaka da gonakin wasu mutane na gaske, kana ganin nasu suna ganin taka. Masu gadi, direbobi masu jiran lodi, matan da ke zaman shago da tsofaffin da suka ajiye aiki, su suka fi riƙe shi. Wayar mutum hoto kawai take nunawa. Ainihin gonakin, da sanin wa ya shuka me da yaushe zai nuna, duk suna can cikin wata kwamfuta da ba a kashewa, wadda ake kira saba. In sabar ta faɗi, gonar kowa ta tsaya cak.

Ita kuwa faɗuwa take kamar yaro mai koyon tafiya. Wanda ya rubuta manhajarta tun farko wani ne ana ce masa Dogo, abokin mai kamfanin. Ya rubuta ta da wani tsohon yaren kwamfuta da ya koya da kansa, yare mai kawaici, wanda ko buhu da jaki ka ba shi ka ce ya tara maka, zai miƙo maka wata amsa bai ce uffan ba. Dogo ya yi shekara da shekaru yana ɗora ɗaki kan ɗaki, sannan wata rana ya ce idonsa ya gaji, ya tattara ya koma bayan gari kiwon kaji na gaske. Daidai ce ta gaji abin da ya bari.

Ranar da ta fara buɗe rubutun nasa sai da ta tashi ta fita baranda ta sha iska. Dogo bai yarda da ba abu sunan da zai nuna aikinsa ba. Akwai wanda ya sa wa suna "abu", akwai "abu na biyu", akwai "abu na gaske", akwai "sabon abu na gaske". A wani wuri ya bar wa na baya gargaɗi: "Kar a taɓa nan. Ban san dalili ba, amma in an taɓa kaji na mutuwa."

Mai kamfanin, wanda kowa ke kira Oga har da matarsa, mutum ne mai fara'a da saurin mantuwa. Daidai ta yi ta binsa a kan a bar ta ta sake rubuta sabar daga tushe da yaren zamani. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Injiniya, ai tana aiki." Tana aiki, in ban da safiyar Asabar, lokacin da kowa ke gida ya buɗe gonarsa. A nan sabar kan shaƙe ta kife, Daidai ta bar wanki a baho ta zauna bakin gado da kwamfuta a cinya tana tayar da ita, kumfa na bushewa a hannunta. Shekaru tana wannan bautar.

Sai Oga ya je wani taron masu harkar manhaja a wani otal, ya dawo da riga mai tambari da sabon ra'ayi. Ya tara su a ɗakin da fankarsa ke aiki.

"Na yi wani tunani," in ji shi. "Sabar nan tamu ta tsufa. Duniya ta wuce wannan yaren. Me zai hana mu sake rubuta ta da sabo?"

Daidai ta dube shi, ta dubi silin. Kunne, matar da ke amsa koken 'yan wasa, ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ita ta girmi kowa a ofis ɗin. Ta daɗe tana aikin karɓar baƙi a asibiti, babu irin masifar da ba a sauke mata ba, shi ya sa ake ce mata Kunne.

"Tunani mai kyau, Oga," Daidai ta ce. "Shekara guda zai ci."

"Wata uku."

"Oga, shekara."

"To mun daidaita ke nan," ya ce yana tafa hannu. "Wata uku."

Yaren da ta zaɓa mai tsauri ne. Ba ya karɓar abu sai ka faɗa masa ko mene ne, na wane ne, wa ke da izinin taɓa shi. Ka yi ganganci, ya ƙi tashi sam, ya jero maka laifuffukanka da jan rubutu. Samarin ofis biyu da ke zana hotunan wasan suka leƙa sau ɗaya suka ja da baya. Daidai kuwa ji ta yi kamar ta gamu da 'yar'uwarta ciki ɗaya da aka ɓoye mata.

Wahalar ba daga sabon yaren take ba, daga tsohon rubutun take. Kafin ka sake gina abu sai ka san me yake yi, kuma babu mai rai a ofis ɗin da ya san duk abin da tsohuwar saba ke yi. Dole ta bi ta layi-layi kamar mai warware zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ta kama bakin lissafin ruwan sama, ya kai ta farashin ƙwai. Ta bi farashin ƙwai, ya ɓulle a haihuwar awaki. Wani lokaci ta wuni kan wani dogon sashe, sai da la'asar ta gane babu abin da ke amfani da shi, Dogo ya rubuta ne ya manta.

Tana tsakiyar wannan Oga ya leƙo ya ce 'yan wasa na son agwagi.

"Oga, in na sa agwagi a tsohuwa, sai na sake sa su a sabuwa. Aiki biyu ke nan."

"Agwagi ne fa kawai, Injiniya. Kaji ne masu iyo."

Ta sa agwagi, sau biyu. Aka gano ba su da inda za su yi iyo, ta haƙa musu tafki, sau biyu. Bayan tafki ƙudan zuma suka biyo. Wata ukun Oga suka wuce, wasu ukun suka bi bayansu, kuma duk safiyar Litinin sai ya tsaya a bayan kujerarta da kofin shayi ya ce, "Saura ƙiris ko?" Ta daina amsawa. Kunne ce ke amsa mata da "Saura agwagi."

Akwai wuri ɗaya da ya fi ci mata rai. A lissafin ban ruwa, in mutum ya tsaya a bakin shingensa ya zuba ruwa, ruwan kan wuce iyaka da taku ɗaya ya jiƙa layin farko na gonar maƙwabci, sabar kuma ta ɗauka an shayar da gonar maƙwabcin gaba ɗaya. Ta kasa gane ko da gangan ne. Wata Lahadi ta sa maigidanta ya kai ta gonar Dogo.

Suka same shi cikin takalmin roba, ya yi ƙiba, fuskarsa fes kamar wanda bai taɓa jin sunan saba ba. Ya kife mata bokitin abincin kaji ta zauna, ta buɗe kwamfuta a gwiwa, warin wurin na hawa mata kai.

"Malam Dogo, dubi nan. Me ya sa ruwan ke tsallaka shinge?"

Ya matso da fuska, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallo. "Ni na rubuta wannan?"

"Sunanka ne a sama."

"Ikon Allah." Ya sosa ƙeya. "Ina jin ƙirga na fara daga ɗaya maimakon sifili. Ko kuma akasin haka. Lokacin matata na da tsohon ciki, ba na samun barci."

"Wato kuskure ne."

"Hajiya, rabin abin nan kuskure ne. Ɗaya rabin kuma gyaran kuskuren ne." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta ga abin dariya ba.

Ya sallame su da kiret ɗin ƙwai. A hanya maigidanta ya ce mutumin kirki ne, ta ce mutumin kirki ba ya sa wa abu suna "sabon abu na gaske". Washegari ta tsara sabuwar sabar yadda kowace gona ke kulle a cikin iyakarta, ko ɗigon ruwa ba ya fita. Ta ji daɗin wannan aikin fiye da duk wanda ta yi a shekarar.

A gida kuma akwai Baba. Mahaifinta ne, tsohon direban motar asibiti, wanda ya dawo ɗakin ƙofar gidansu da zama bayan rasuwar mahaifiyarta. Ita ta ba shi tsohuwar wayarta ta sa masa wasan don ya rage kaɗaici, ba ta san abin da ta jawo wa kanta ba. Ya shigar da abokansa na benci duka. Da hantsi za ka gan su jere a inuwar bango, kowa da tabarau a karan hanci, suna gardamar ko tumatir ya fi albasa riba. Baba bai taɓa fahimtar aikinta sosai ba. A wurinsa ita wata ma'aikaciya ce a hukumar da ke kula da gonakin. In ruwan sama ya yi jinkiri a wasan sai ya tare ta tun ba ta ajiye jaka ba.

"Ki gaya wa mutanenku an kwana biyu ba ruwa."

"Baba, ba mutane ba ne, lissafi ne."

"To ki gaya wa lissafin."

Shekara da 'yan watanni aikin ya ci. Wata safiyar Talata suka kashe tsohuwar saba suka kunna sabuwa, gonaki suka ƙaura gaba ɗaya, ko kaza ɗaya ba ta ɓata ba. Daidai ta zauna tana kallon allo, hannu a haɓa. Komai na tafiya sumul. Asabar ta zo, ta gama wankinta tas, ta shanya, har ta zauna ta yanke farce, wayarta ba ta yi ƙara ba. Ranar Litinin ta shigo ofis da lemo mai sanyi ta raba wa kowa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Kunne ta karɓi nata ta ajiye gefe. "Anti, sha naki tukuna. Ina da karatu."

Koke ne ya taru, fiye da wanda suka saba gani a wata guda. Kunne ta gyara tabarau ta fara karantawa da muryarta ta asibiti, wadda ba ta hawa ba ta sauka. Wani ya ce jakinsa da yana ratsa kogi ta wata kusurwa, yanzu sai ya zagaya ta gada, wa ya ba su izinin canza masa hanya. Wata ta ce akuyarta shekara biyu tana tsaye kan rufin rumbu, duk unguwa an san gonarta da ita, yau ta tashi ta gan ta a ƙasa kamar kowace akuya. Wasu da yawa suka ce da in ka danna sayarwa sau biyu da sauri, ana biyanka sau biyu, yanzu an hana su abincinsu. Wata mata kuma ta rubuto doguwar wasiƙa tana roƙon a dawo da faɗuwar ranar Asabar, don lokacin ne kawai mijinta ke ajiye waya ya kai yara aski.

"Kurakurai ne," Daidai ta ce. "Duk abin da kika karanta kurakurai ne. Na gyara su. Aikin da aka sa ni ke nan."

"Ni na sani, Anti. Su ne ba su sani ba."

Oga ya fito daga ɗakinsa waya a kunne, gumi a goshi. "Injiniya, mutane na gogewa suna tafiya. Ba za a iya mayar da abubuwan nan ba?"

"A mayar da kuskure?"

"Ba duka ba. Masu daɗin."

Ta ɗauki lemonta ta fita baranda. A ƙasa mai faci na dukan taya da guduma, ta tsaya tana kallonsa tana jin kamar ta sauka ta karɓi gudumar.

Kwana biyu ta ƙi taɓa komai. Ta ce mutane za su saba. A gida kuma ta lura Baba ya canza. Ta gaishe shi ya amsa a taƙaice. An kai masa abinci ya ci kaɗan ya ture. Bai ce a gaya wa lissafi komai ba. Da yamma ta same shi zaune bakin gadonsa, wayar na kife a kan filo.

"Baba, jikin ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"To mene ne?"

Ya ɗauki wayar ya buɗe ya miƙa mata. Gonarsa ce, kore shar. Ta gefen dama kuma wata gona ce da ta koma ruwan ƙasa, masara ta sunkuya, tafki ya ƙafe.

"Ta Tela ce," in ji shi.

Tela abokinsa ne tun suna samari, ɗaya daga cikin 'yan benci, ya rasu bara bayan gajeriyar jinya. Daidai ta je gaisuwa, amma ba ta taɓa tunanin gonarsa ba. A ƙa'idar wasan, gonar da aka daina shayarwa takan bushe, in ta daɗe a bushe a ba wani sabon ɗan wasa filin. Baba ya ce tun ranar da aka kwantar da Tela a asibiti, shi da sauran da ke iyaka da gonar Tela suke tsayawa bakin shinge suna zuba ruwa. Da ya rasu ba wanda ya ce a daina, sai suka ci gaba. Kowa da ranarsa.

"Yanzu mun zuba mun zuba, ruwan ba ya wucewa."

Ta zauna kan kujerar roba. Haushi ne ya fara zuwar mata kafin komai. "Baba, shekara guda ina aikin nan a gabanka. Me ya hana ka gaya min kuna yin haka?"

"In na gaya miki ai gyarawa za ki yi."

Ta miƙa masa wayarsa ta fita.

Da safe ta riga kowa zuwa ofis. Ta sa sabar ta tace mata gonakin da masu su suka daɗe ba su shiga ba amma suna kore har ranar ƙaura. Ta zaci za ta ga goma ko ashirin. Allon ya cika ya yi ta gangarawa. Kunne da ta iso ta tsaya a bayanta tana nuna waɗanda ta sani: wannan haihuwa ta yi, wannan wayarsa aka sace, wannan yana tafiyar aiki inda babu sabis, wannan kuma Allah ya jiƙansa. Duk maƙwabta ne ke riƙe musu, ta hanyar ƙirgar da Dogo ya ɓata saboda rashin barci.

"Kin san da wannan?" Daidai ta tambaya.

"Na san suna cewa 'na zuba wa wane'. Na ɗauka haka kuka tsara."

"Ba wanda ya tsara komai a gidan nan," Daidai ta ce. "Shi ne ciwon."

Nan take ta dakatar da rabon filaye, ta ɗauko kwafin da ta ajiye kafin ƙaura ta mayar da busassun gonakin yadda suke. Amma ta rantse ba za ta rubuta kuskure da hannunta ba. In mutane na son shayar wa maƙwabci, za a yi shi bisa tsari. Ta yi maɓalli mai kyau, shuɗi, an rubuta "Shayar wa maƙwabci", in ka danna a tura wa mai gonar saƙo cewa wane ya shayar maka. Oga ya yaba, ya ce daman abin da ke ransa ke nan.

Kwana ɗaya maɓallin ya yi. Washegari Baba ya tare ta a ƙofa, hularsa a karkace.

"Me kika aika wa matar Tela?"

Ashe wayar marigayin na hannun matarsa. Tana zaune sai ga saƙo da sunan Baba, wai ya shayar mata da gona. Bayan shi na wani, bayan shi na wani. Matar ta yi kuka ta share hawaye, sannan ta kira Baba ta tambaye shi cikin ladabi wace gona, kuma me tsofaffi huɗu ke nema da ita.

"Kin sa na rasa inda zan sa fuskata," in ji Baba. "Mu muna abinmu shiru. Wa ya ce ki yi mana shela?"

Ba shi kaɗai ba. Kunne ta ce koke ya sake cika: masu cewa yanzu wanda aka zuba wa yana jin dole ya rama, masu cewa maƙwabci ya ga sunansu ya fara roƙon iri, da masu cewa su dai a bar su su tsaya bakin shinge kamar da, don tsayuwar ma wani abu ce.

Daidai ta cire maɓallin. Ta zauna ta fara abin da ta rantse ba za ta yi ba. Sai ga shi rubuta kuskure da gangan ya fi gyara shi wuya. Ita da kanta ta gina katangar da ke tsakanin gonaki, ta gina ta da kyau, sabon yaren kuma ya tsaya kai da fata yana gadinta. Duk inda ta nemi ɓula ƙofa sai ya watso mata jan rubutu, yana tambayar wa ya ba wannan ruwan izinin shiga gonar wani. Yaren da take yabo ya koma yi mata abin da ta yi wa mutanen gidansu tun tana yarinya. Makonni ta yi tana lallashinsa. Ranar da ruwan ya tsallaka shinge da taku ɗaya, ba ƙari ba ragi, ta rubuta dogon bayani a samansa, da dalili da tarihi, don kada wani mai tsabtar zuciya ya zo bayanta ya gyara.

Akuya ma ta koma kan rufi, don an gano matar Oga na cikin masu irin wannan akuyar. Jaki kuwa ta bar shi ya ci gaba da bin gada, mutane suka yi gunaguni suka saba. Faɗuwar Asabar ba ta dawo ba. Kunne ta rubuta wa waccan matar amsa mai taushi, ta ba ta shawarar ɓoye caja.

Sai maganar sayarwa sau biyu. Da Baba ya ga gonar Tela ta farfaɗo, ya saki fuska, ya ci abinci har da ƙari. Yana wanke hannu ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "To saura na kasuwar."

"Wane na kasuwa?"

"Wanda in ka danna da sauri."

"Baba, kai ma kana yi?"

"Kowa na yi."

"Wannan sata ce."

"Ba sata ba ce, zafin nama ne. Da shekaruna in iya danna abu sau biyu kafin ya farga, ai a yaba min."

"Ba zan mayar ba."

"Kin mayar da akuya."

"Akuya ba ta cuci kowa ba."

Suka yi mako suna wannan. Ya turo mata 'yan benci ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya ce shi ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta. Ya bi ta wajen maigidanta, shi kuma ya ce shi kantin magani ya sani, ba ruwansa da gona. Daidai ba ta motsa ba. Oga ma ya gwada, ta ce masa in ya matsa za ta ajiye aikin, sai ya nemi wanda zai karanta masa jan rubutu. Ya bar maganar.

Sabuwar saba tana nan tana aiki, ba ta sake faɗuwa ba. Babu wanda ya taɓa rubuto godiya kan haka. In tsofaffin 'yan wasa suka haɗu, cewa suke ta da ta fi daɗi. Oga ya koma taron otal ɗin a shekara ta gaba, ya hau mumbari ya ba da labarin yadda "muka" sake rubuta saba cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Daidai ta ga bidiyon a wayar Kunne, ta kalli rabi ta miƙa mata abarta.

Matar Tela kuwa, tun daga saƙonnin nan ta sa jikarta ta nuna mata yadda ake wasan. Ta shiga gonar mijinta ta zagaya, ta ga masarar da tsofaffi huɗu suka yi shekara suna riƙewa. Ta ce ita tun yana raye ba ta son masara. Ta tumɓuke ta tas, ta sayar da awakin, ta cike tafkin, ta shuka furanni daga shinge zuwa shinge.

Baba ya shigo falo da waya a hannu. Daidai na ɗaure wa ƙaramin ɗanta igiyar takalmi, za su fita makaranta.

"Kin ga abin da matar nan ta yi? Ki mayar. Kina da kwafi, na ji kin faɗa."

"Gonarta ce, Baba."

"Furanni fa. Me ake yi da furanni? Ko jaki ba ya ci."

"Sai ka daina zuba mata ruwa."

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Yau ranata ce," ya ce. Ya juya ya koma ɗakinsa yana mita, ita kuma ta ja hannun yaron suka fita, don sun riga sun makara.